Ginin da Muka Rushe a Kan Burtali

Ranar sunan ɗan Sanusi na yanke shawarar rubuta wannan babi, kuma Sanusin ne ya jawo. Muna zaune a zaure bayan an raɗa suna, ana raba goro, sai ga Zulai ta zo wucewa cikin gida, ta durƙusa ta gaishe ni. Zulai ƴar marigayi Malam Mutari ce, ita ke riƙe da bironsa, wato ofishinsa na zanen gine-gine a nan Magariya, biron da na yi wa aiki tun ina saurayi har idona ya daina ganin layi. Wani cikin baƙi ya tambaye ta aikin da suke yi a wajen Dungas, ta soma yi masa bayani, sai autana Sanusi ya tsoma baki yana dariya.

"Yaya Zulai, ku dai duba da kyau, kar a sake yi mana gini a kan hanyar shanu irin na Baba Rusau."

Zaure ya ɗauki dariya, don Rusau laƙabin da gari ya sa wa Malam Mutari ne. Zulai ta yi murmushi, ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya raya, ta shige ciki. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ban ga laifin Sanusi ba, abin da ya tashi ya ji ana faɗa a gari ya maimaita. Laifin na wanda ya san gaskiya ne ya kama bakinsa shekara da shekaru, wato ni ubanku. To ku buɗe kunne, ku ƴaƴana. Malam Mutari bai taɓa yin gini a kan burtali ba. Ni na yi.

Sai na fara gaya muku wane ne shi, don ku kun san shi ne yana tsoho mai baƙin tabarau, yana lalubar bango. Ɗan magini ne, ubansa da ƙasa da tubali ya ci abinci. Aka sa shi lakwal, makarantar boko, kansa ya ɗauka, har ya tafi ƙasar waje ya karanto zanen gini, ya dawo aka ba shi kujera a Yamai. Bai daɗe a kanta ba ya tattaro ya komo gida, mutane suna cewa ko an yi masa asiri ne. A zauren ubansa ya buɗe biro, da tebur ɗaya wanda sai an sa masa dutse a ƙafa yake tsayawa. Mu uku ne: shi, da Baba Ila ƙanen ubansa, tsohon magini mai baki kamar barkono, sai ni. Ni ban gama kwaleji ba, ba ni da difilom ko na ƙarya, allunan shaguna nake rubuta wa ƴan kasuwa. Ya ga wani allo da na yi wa mai sayar da magani, ya tsaya ya tambayi wanda ya ja layukan, washegari ya aiko a kira ni. Mutanen gari ba su taɓa kiran wurin da sunan da ke jikin takarda ba. Gidan Igiya suke cewa, saboda Baba Ila ya rantse ba zai auna fili da metir na ƙarfe ba, yana da igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, kuma wallahi ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Abin da Gidan Igiya ya gina yana nan tsaye, ku je ku gani. Azuzuwan da muka yi a wajen Guci, da tsakar bazara ma yara suna zaune ciki suna karatu, alhali na kwanon da ke kusa da su malamai kan kwashe ɗalibai su koma gindin bishiya. Malam Mutari ya san inda zai huda taga iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Da ƙasar wurin yake gini, siminti sai a harsashi da shafen waje, rufi kuma ɗaurin guga irin na kakanni, wanda ya zauna da Baba Ila suka gyara shi har ba ya buƙatar azara da yawa. Mun yi rumbunan ajiyar hatsi, mun yi masallatai, mun yi gidajen ƴan kasuwar da ke safara zuwa Kano. Amma abin da ya bambanta shi da kowa ba a jikin bango yake ba. Yana da wata ƙa'ida da yake kira zaman fili. Ba ya ɗora fensir a takarda sai ya ɗauki tabarma ya je filin da za a yi ginin, ya zauna daga fitowar rana har faɗuwarta. In da hali ya gan shi da rani, ya sake ganinsa da damina. In babu hali, ya tara tsofaffin wurin, maza da mata, ya tambaye su yadda filin kan zama in ruwa ya sauka. Ni abin haushi yake ba ni, mutum da karatunsa ya wuni a rana yana kallon awaki. Na taɓa faɗa masa haka.

"Lawali," ya ce, "takardar fili ta gaya maka faɗinsa da tsawonsa. Ba ta gaya maka wa ke bi ta cikinsa ba, ko ina ruwa ke kwana. Wannan sai ka zauna ka gani da idonka."

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce shekarar da aka haifi Sanusi. Yanar ido ta rufe wa Malam Mutari gani, ya tafi Kano a yi masa aiki. Ya ce sati uku zai yi, aikin bai zo da sauƙi ba, ya yi kusan wata huɗu a gidan dangin matarsa. Ranar da zai tafi ya buɗe aljihun tebur ya fito da hatiminsa, wanda in ba a buga shi a kan zane ba hukuma ba ta yarda a yi gini. Ya sa mini a hannu.

"Ga amana. Kar ka buga shi a kan abin da ba ka zauna ka gani ba."

Bayan tafiyarsa wata ƙungiya ta masu taimako ta zo da aikin gidan haihuwa a wani gari cikin yankin Yekuwa. Ba sai na faɗi sunan garin ba, kun san shi. Buƙata ce ta gaske, don a lokacin mace in naƙuda ta yi mata gardama a amalanke ake ɗora ta, jaki ko sa yana ja cikin rairayi, wasu a hanya suke cikawa. Mutanen ƙungiyar suka ce suna son harsashi ya tashi kafin ruwa ya sauka, in ba za mu iya ba su kai aikin Damagaram. Ina da halin aika wa Malam Mutari saƙo da direban tasha, ban aika ba. Gaskiyar magana, na gaji da zana tunanin wani. Shekara goma sha biyar ina jan layi a bayansa, so nake ya dawo ya tarar da gini tsaye, a ce masa Lawali ne ya yi.

Na hau moto, wato babur, na tafi, da tsakar bazara. Wakilin mai gari ya kai ni gabas da gari ya nuna mini wani fili mai tsawo, fes, ƙasa a daddanne kamar an yi mata daɓe. Dama da hagu tushiyar gero ce ta bara, tsakiya kuwa ko ɗaya babu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya, ni murna na yi na samu ƙasa mai tauri. Muna cikin awo wata tsohuwa ta biyo da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya tana kallonmu.

"Ɗana, me kuke aunawa a hanyar shanu?"

"Ƙyale Inna," in ji wakilin mai gari. "Shanu ai ko'ina bi suke."

Na sayi nononta na sha, na yi mata godiya, na hau motona. Ban yi awa biyu a filin nan ba. Ku da kuka tashi cikin gari bari in yi muku bayani. Burtali hanya ce da ake bari tsakanin gonaki, don in damina ta zauna, shuka ta rufe ko'ina, shanu su samu inda za su bi daga ruga zuwa tafki ba tare da sun taɓa gonar kowa ba. Da rani gonaki a buɗe suke, dabba tana bin inda ta ga dama, saboda haka burtali ba ya nuna kansa sai ga wanda ya tsaya ya duba. Mai gari ya sani sarai. Ya nemi wanda zai ba da gona an rasa, burtali kuwa ba shi da mai shi da zai zo ya yi kuka da rani. Na dawo Magariya na yi zane cikin kwana huɗu, zane mai kyau kuwa, na hura wa hatimi iska na danna.

Baba Ila ne ya fara shinshino abin. Ana haƙar harsashi ya debi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya kai hanci.

"Ɗan biro, ƙasar nan warin garke take yi. Ka yi zaman fili kuwa?"

"Na yi, Baba."

Ya dube ni ya daɗe, ya kakkaɓe hannu ya ce to madalla. Wannan ƙaryar ita ta fi ci mini rai har yau, don da na ce a'a, a ranar zai naɗe igiyarsa, asarar ba ta wuce ramin da aka haƙa ba. Uwarku Rabi ma ta lura, tana da tsohon ciki a lokacin. Ta ce mini, "Maigida, tun da aka soma aikin nan ba ka gama tuwonka. In akwai abin da za a gyara, a gyara tun Malam bai dawo ba." Na ce mata ta ji da abin da ke gabanta.

Bango ya kai wajen taga ruwa ya sauka. Aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Mutanen Arɗo Juli, waɗanda rugarsu ke arewa da garin, su ma manoma ne, suna da gonakinsu, tun kakanni suke maƙwabtaka da mutanen garin, matansu suna musayar nono da hatsi. Wata safiya suka koro shanu zuwa tafki kamar kowace shekara, suka tarar da bango a gicciye, ga tulin yashi, ga bulo. Sa bai san hatimi ba. Garken ya rabu biyu, ya faɗa gonakin dama da hagu. Kafin azahar an fito da sanduna. Aka karya wa wani manomi hannu, aka fasa wa ƙanen Arɗo kai, jandarma suka zo suka kwashi mutane daga kowane ɓangare. Daga ranar ko ludayin nono bai sake shiga garin ba.

Cikin satin Malam Mutari ya dawo, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana gani dishi-dishi. Na same shi a biro, na tsaya a gabansa na faɗi abin da ya faru, ina ta kewaye-kewaye da mai gari da ƙungiya da ƙurewar lokaci. Ya bari na gama, tambaya ɗaya ya yi.

"Ka zauna?"

"Ban zauna ba, Malam."

Na so ya zage ni. Sai ya juya ya ce wa Baba Ila a ɗauko tabarma. Washegari rana ta fito mana a filin. Muka zauna jikin bangon da na gina, mu uku. Da hantsi shanu suka iso, wannan karo da makiyaya a gefe da gefe suna tare su da sanda. Suka tsaya gaban bangon suna kuka, na gaba suna ja da baya, na baya suna turowa. Sai da aka bi da su ɗaya bayan ɗaya ta wani ɗan tsukin da ya rage, manoma suna tsaye a bakin gonakinsu da fartanya a kafaɗa suna kallo. Da la'asar aka sake yin haka a hanyar komawa. Malam Mutari ya cire tabarau ya share idonsa mai ruwa.

"Rushewa za a yi."

Na yi masa gardama, ban ji kunya ba. Na ce takardu sun cika, babu dokar da ta tilasta mana. Mutanen ƙungiya sun yarda a karkatar da burtalin, kwamanda, shugaban hukumar yankin, zai iya sa a yanki gefen gonaki a ba shanu hanya.

"Wanda aka yanke wa gona zai manta?" ya ce. "Kuma matar makiyayi za ta shigo ta kwanta ta haihu a ɗakin da aka fasa kan mijinta saboda shi? Lawali, ginin nan na matan gari ne da matan ruga. In rabinsu ba za su taka shi ba, me muka gina?"

Kwamanda ya kira taro a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Manoma a gefe ɗaya, mutanen Arɗo a ɗaya gefen, jandarma a tsakiya. Ya ɗaga takardar zanen ya tambayi wanda ya duba filin ya sa hannu. Allah shaida ne, na yunƙura zan tashi. Sai na ji rigata ta riƙe. Malam Mutari ne ya take bakinta da ƙafa, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, hatimin da ke jikin takardar nan nawa ne, kuskuren ma nawa ne. Za mu rushe, mu sake ginawa inda ya dace, ba za mu nemi ƙarin komai daga hannun kowa ba. Ina roƙon Arɗo da masu gonaki su yafe mini."

Bai ambaci sunana ba, bai ambaci na mai gari ba. Mai garin ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, kuma kafin a watse shi da bakinsa ya ce a ɗebi filin daga gonarsa ta yamma da burtali. A ranar aka saki waɗanda aka kama. A mota muna komowa na tambayi Malam Mutari me ya sa ya yi haka.

"Ba ka da difilom. In aka ji kai ka buga hatimin nan, gidan kaso za a kai ka, in ka fito kuma ba mai sake ba ka ko zanen kaji. Ƴaƴanka biyar, ga na shida a hanya. Ni suna kawai zan rasa. Kuma ni na ba ka hatimin. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa wa kowa ba muddin ina raye."

Na yi alkawari. Baba Ila da ke gidan baya ya ce, "Ni dai hancina bai yi ƙarya ba," bai sake tada maganar ba har ya koma ga Allah.

Suna kawai, in ji shi. Shi ya ɗauki diga ya fara saran bangon, yana laluben inda zai sara, yara suna kallo suna dariya, daga nan sunan Malam Rusau ya samo asali. Ya bi shi kasuwa, ya bi shi masallaci. Motar biro aka sayar aka sake sayen kayan aiki, muka koma bin taksin tasha da amalanke. Aikin hukuma ya ɗauke mana shekaru, ƴan kasuwa suna cewa wa zai ba makaho gini ya dasa masa a kan hanya. Zulai ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a shekarar, an gama shirin tafiyarta karatu, sai ta zauna gida shekara biyu tana taya mu kwafe takardu a biro. Duk wannan a kan idona, kullum da safe in zo in zauna a teburin da ke kallon nasa. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Ranar sunan Sanusi shi ya kawo rago. Bayan shekara biyu zai tafi Damagaram, ya buɗe aljihun tebur ya sake sa mini hatimin nan a hannu, bai ƙara da ko kalma ba. Na shiga bayan zaure na yi kuka, ni da gemuna.

Sabon gidan haihuwar shi ya zana shi, da ido guda, bayan ya wuni a filin ya kuma zauna da matan gari da na ruga. Ya yi masa ƙofa biyu, ɗaya tana kallon gari, ɗaya tana kallon arewa inda ƴan ruga ke fitowa, don kar wata ta ji kamar gidan wasu ta shigo. Ya yi rumfa mai faɗi ta masu jinya, da turakun ɗaure jaki, da wurin hura wutar ruwan wanka a inda hayaƙi ba zai koma ɗaki ba. A cikin duk abin da Gidan Igiya ya gina babu wanda ya kai shi. Har yau da damina mai jego tana kwance tana jin shanu suna wucewa ta burtalinsu.

Yanzu ga inda ba ni da abin kare kaina. Alkawarin muddin yana raye ne. Malam Mutari ya rasu shekara shida ke nan. Na tsaya a kan kabarinsa, na karɓi gaisuwa tare da iyalinsa, ina jin mutane suna cewa Allah ya ji ƙan Malam Rusau, mutumin kirki ne, kuskure ɗaya ya yi. Na yi shiru. Na saba da zama Alhaji Lawali wanda bai taɓa ɓata gini ba, kuma sunan ya yi mini daɗi.

Kashegarin sunan nan na ɗauki sandata na tafi biro. Ya koma bene yanzu, matasa sun cika shi suna zane a na'ura, igiyar Baba Ila tana rataye a bango. Zulai ta ba ni kujera, ta rufe ƙofa. Na faɗa mata komai, har tsohuwa mai nono, har ƙaryar da na yi wa Baba Ila. Ta saurara hannunta a kan tebur.

"Na sani, Baba," ta ce. "Ni na kwafe takardun aikin a shekarun da na zauna gida. Na san hannunka, na san hannun babana."

Shekara ashirin da wani abu yarinyar nan tana durƙusawa tana gaishe ni, tana aiko mini da kayan salla. Na tambaye ta me ya hana ta magana, ko jiya da aka yi wa ubanta dariya a zaurena.

"Na tambaye shi tun a lokacin. Ya ce maganar taka ce, kai za ka faɗe ta ranar da ka shirya. Ya ce za ka faɗa."

Ya yi mini zaton da ban cancanta ba, kuma na bar shi yana jira har ƙasa ta rufe shi. Wannan ba zan iya gyarawa ba. Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne. Sanusi, Juma'a mai zuwa ka zuba mai a motonka, za ka kai ni garin nan. In an sallame salla zan tsaya a gindin tsamiyar, gaban jikokin mai gari da na Arɗo, in tashi tashin da aka hana ni a wancan taro. Kai za ka riƙe ni, don ƙafafuna ba sa ɗaukata su kaɗai. Daga ranar duk wanda ya ce Rusau a gabanku, ku gaya masa sunan ubanku ya kira.